Boca: Wasan saiti da zai iya fito da masu tsananin nakasa daga ɗaki zuwa fili a Bwari

A gasar Faralimfik, wato Olimfik ta masu buƙata ta musamman, da aka gudanar a birnin Paris na ƙasar Faransa a shekarar 2024, tawagar Najeriya ta dawo gida da lambobin yabo bakwai: zinare biyu, azurfa uku da tagulla biyu. Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo ne suka ciyo zinaren, kuma dukansu a wasan ɗaga ƙarfe. Tun daga 1992 da Najeriya ta fara halartar gasar a Basalona, galibin lambobin da take samu daga ɗaga ƙarfe suke fitowa, sai guje-guje da jife-jife da ƙwallon tebur.

Waɗannan wasanni duka suna da sharaɗi guda da ba a rubuta shi a takarda ba: sai mai ƙarfin ƙirji da dantse, ko mai ƙafar gudu. Ko ƙwallon guragu, wadda ɗan Kano Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, galibi waɗanda shan inna ya taɓa wa ƙafafu ne ke buga ta, suna tura allon taya da lafiyayyun hannuwa. To, ina matsayin yaron da lalurarsa ta kama hannu da ƙafa baki ɗaya, wanda da ƙyar yake riƙe cokali, balle a yi maganar ɗaga ƙarfe?

Akwai wasan da aka tsara dominsa. A rubuce sunansa Boccia, a baki kuma ana cewa boca. Najeriya ba ta taɓa tura ɗan wasa a wannan fanni zuwa Faralimfik ba, alhali abin da ake buƙata domin fara shi bai wuce shimfiɗaɗɗen daɓe da ƙwallaye 13 ba. Ƙaramar hukumar Bwari da ke Babban Birnin Tarayya, Abuja, misali ce ta wurin da kusan duk abin da wasan ke nema yana nan a hannu.

Yadda ake buga wasan

Ana buga boca a cikin ɗaki, a kan daɓe mai laushi wanda ba shi da tudu ko kwari. Tsawon filin mita 12.5 ne, faɗinsa mita 6, wato ya ɗan gaza filin badminton. A gefe guda an ja layukan akwatuna shida, kowanne tsawonsa mita 2.5, faɗinsa mita ɗaya. A cikinsu 'yan wasa ke zama a kan kekunansu, kuma dole ɗan wasa ya kasance a zaune, ba tare da keke ko jikinsa ya taɓa layi ba, a lokacin da yake sakin ƙwallo.

Ƙwallayen na fata ne, girmansu ya ɗan ɗara lemun zaƙi. Nauyin kowace giram 275 ne, kewayenta milimita 270, tare da ɗan rangwamen da doka ta amince da shi. Shida ja ne, shida shuɗi, sai fara guda ɗaya da ake kira jak. Ita farar ita ce abin hari: kowane ɓangare na ƙoƙarin ganin ƙwallayensa sun fi na abokin karawa kusa da ita.

Kafin a fara, alƙalin wasa kan jefa kwabo, wanda ya ci ƙuri'a ya zaɓi launi. Mai ja ne ke fara jefa farar ƙwallo, kuma sai ta tsallake wani layi mai siffar harafin V kafin a karɓe ta. Shi ne kuma zai bi ta da ƙwallonsa na farko, sannan mai shuɗi ya jefa nasa. Daga nan ba a bin layi. Ɓangaren da ƙwallonsa ya fi nisa da farar shi zai ci gaba da jifa, har sai ya ƙwace kusanci ko ƙwallayensa sun ƙare. Alƙali na riƙe da wani ɗan faifai mai fuska biyu, ja da shuɗi, yana ɗaga launin wanda jifa ta faɗo kansa.

Idan ƙwallaye suka ƙare, an gama turmi ɗaya ke nan, kamar yadda ake ƙirga dambe. Ɓangaren da ya fi kusa zai samu maki ɗaya a kan kowane ƙwallonsa da ya fi ƙwallon abokin karawa mafi kusa matsowa ga farar. Saboda haka turmi guda na iya ba mutum maki ɗaya, yana kuma iya ba shi shida. Sau da yawa ido ba ya iya raba gardama, sai alƙali ya durƙusa da ma'auni, wani lokaci har da tocila, domin bambancin bai wuce kaurin takarda ba.

Karawar mutum da mutum turmi huɗu ce, kowa da ƙwallaye shida. Ta bibbiyu ma turmi huɗu ce, kowane ɗan wasa da ƙwallo uku. Ta ƙungiya mai mutum uku kuwa turmi shida ce, kowa da ƙwallo biyu. Idan aka tashi kunnen doki, sai a ɗora farar a kan alamar gicciye da ke tsakar fili a sake turmin raba gardama. A kan wannan alama ce kuma ake mayar da ita duk lokacin da aka buge ta ta fita daga fili.

Doka ba ta tsayar da hanyar jifa guda ba. Ɗan wasa na iya wurga ƙwallo ta sama, yana iya gangara ta a ƙasa, yana iya tura ta da ƙafa. Wanda duk wannan ya gagare shi, akwai na'urar da aka tanadar masa.

Rukunan 'yan wasa huɗu

Domin kada a haɗa mai ɗan sauƙin lalura da wanda tasa ta yi tsanani, an raba 'yan wasa gida huɗu.

Rukunin BC1 na waɗanda raunin ƙwaƙwalwa ya shafi gaɓoɓinsu huɗu da gangar jiki sosai ne. Suna jifa da hannu ko da ƙafa, kuma an yarda su zo da mataimaki wanda zai tsaya a bayan akwati, ya gyara musu keke ko ya miƙa musu ƙwallo idan sun nema.

Rukunin BC2 ma masu irin wannan lalura ne, sai dai suna da ɗan ikon sarrafa hannu da zama daram. Da hannu suke jifa, kuma ba su da mataimaki a lokacin wasa.

Rukunin BC4 na waɗanda nakasarsu ba daga ƙwaƙwalwa ta samo asali ba ne, kamar masu ciwon da ke cinye ƙarfin tsoka a hankali, ko waɗanda suka samu rauni a laka ta wajen wuya, irin wanda haɗarin mota ko na babur ke jawowa.

Rukunin BC3 shi ne ya fi ɗaukar hankalin mai kallo. 'Yan wannan rukuni ba sa iya riƙe ƙwallo su jefa ta da nisa ko kaɗan. Suna amfani da wata na'ura mai kama da indararo, wadda ake ɗora ƙwallo a samanta ta gangaro fili. Ɗan wasa kan saki ƙwallon da yatsa, ko da wani ɗan sanda da ya ɗaura a ka ko ya riƙe a baki. Mataimakinsa ne ke juya indararon dama ko hagu, ya ɗaga ƙwallo sama ko ya sauke ta, gwargwadon ƙarfin gudun da ake so. Amma dokar ta ce mataimakin ya juya wa fili baya har a gama turmi. Ba zai waiwaya ba, ba zai ba da shawara ba, umarni kawai zai bi, ko da kuwa da ƙiftawar ido ko girgiza kai aka ba shi. Saboda wannan hidima, an ba ɗan wasan BC3 minti shida ya jefa ƙwallayensa a turmi, fiye da sauran rukunan. Idan kuma ya ci lambar yabo a Faralimfik, mataimakin ma ana rataya masa tasa.

Ma'anar wannan doka a fili take. Mutumin da a gida kullum wasu ne ke yanke masa abin da zai ci da inda zai zauna, a nan shi ne mai gani, shi ne mai lissafi, mai lafiyar kuma shi ne ɗan aike.

Inda dabara ta fi ƙarfi

Wanda ya fara kallon boca zai ɗauka sa'a ce kawai. Masu buga shi kuwa sun fi kwatanta shi da dara, domin kowace jifa shiri ce ga wadda ke biye.

Lissafi na farawa tun daga inda za a ajiye farar. Ɗan wasan da ya san abokin karawarsa ba ya kai jifa nesa, zai tura ta can ƙarshen fili. Wanda ya lura abokin nasa na shan wuya wajen juyawa hagu, zai ajiye ta a hagun. Bayan haka sai ƙoƙarin manna ƙwallon farko a gaban farar, ya zama katanga. Wanda aka tare wa hanya yana da zaɓi: ya buge katangar, ya tura nasa ƙwallon da ke kusa ya matsa, ko ya bugi farar kanta ta koma inda ƙwallayensa suka fi yawa. Jifa ɗaya irin wannan na iya mayar da turmin da aka kusa rasawa ya zama na maki uku ko huɗu.

Su ma ƙwallayen ba taurinsu ɗaya ba. Ɗan wasa kan zo da masu laushi, waɗanda ke tsayawa inda suka sauka kuma suke wuyar turewa, da masu tauri na bugu da tafiya mai nisa. Wani lokaci, idan ƙwallaye suka cunkushe, gwani kan haurar da mai laushi ta hau kan sauran ta zauna a saman farar. Ɗan Japan Hidetaka Sugimura, wanda ya ci zinare a rukunin BC2 a gasar Tokyo, ya yi suna da wannan salo har aka laƙaba masa sunansa a ƙasarsu. Domin hana maguɗi, jami'ai kan auna nauyi da girman kowace ƙwallo kafin karawa, su kuma gwada yadda take gangara.

Daga ina wasan ya fito

Boca ɗan dangin wasannin jefa ƙwallo ga abin hari ne da aka daɗe ana yi a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, irin su boce na Italiya da fetank na Faransa. Masu zuwa Jamhuriyar Nijar ko Benin sun san fetank, inda ake jefa dunƙulen ƙarfe a kan turɓaya, har ma birnin Kwatano ya karɓi baƙuncin gasarsa ta duniya a 2023. Abin sha'awa, shi kansa fetank lalura ce ta haife shi: a farkon ƙarni na 20 aka sauya dokar wani tsohon wasa a garin La Ciotat na kudancin Faransa, domin wani ɗan wasa mai suna Jules Lenoir da ciwon sanyin ƙashi ya hana shi gudu kafin jifa.

Ita kuwa gasar Faralimfik ta tsiro ne daga asibitin Stoke Mandeville na Ingila, inda likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga tsoffin sojoji 16 masu raunin laka a 1948. A 1960 aka yi gasar farko a birnin Rum. Boca ya shigo a 1984 a New York, da 'yan wasa 19 daga ƙasashe biyar. A Atlanta a 1996 aka buɗe ƙofa ga masu amfani da indararo, a Atens kuma a 2004 aka shigo da rukunin BC4. Tun 2013 wasan ke da hukumarsa ta duniya mai zaman kanta, wadda yanzu ake kira World Boccia, kuma ana buga shi a ƙasashe fiye da 50. Shi da golbol, wasan ƙwallon makafi, su ne kaɗai wasannin Faralimfik da ba su da takwara a Olimfik.

A Paris an raba lambobin zinare 11, kuma an ware maza da mata a karawar mutum da mutum. Jeong Ho-won na Koriya ta Kudu ya ci zinare a BC3, abin da ya sa ƙasarsa ta jera gasa goma tana cin zinare a boca tun daga 1988. Aurélie Aubert ta ciyo wa Faransa lambarta ta farko a tarihin wasan, zinare a BC1, kuma ita aka ba girman hure wutar gasar a bikin rufewa. Tailan da Hong Kong da Fotugal da Kolombiya duk sun hau mumbarin zinare, wanda ke nuna wasan bai zama na ƙasashe masu arziki kaɗai ba. A Afirka, birnin Alƙahira ya ɗauki nauyin gasar nahiyar a 2023, kuma Afirka ta Kudu da Tunisiya da Masar sun samu wakilci a Paris.

Yaran da ake magana a kansu

Lalurar da aka fara ƙirƙiro boca dominta ita ce shanyewa ko sanƙarewar gaɓoɓi sakamakon raunin da ƙwaƙwalwar yaro ta samu tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya. Ita ce kan gaba a duniya cikin lalurorin da ke hana yara motsi, kuma ƙiyasi ya nuna tana samun kimanin yara biyu zuwa uku cikin kowane 1,000 da aka haifa. A Najeriya, manyan dalilanta sanannu ne ga duk ma'aikacin asibiti: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, shawara mai tsanani a kwanakin farko da ba a kai asibiti da wuri ba, haihuwar bakwaini, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa. Ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ko da yake gaɓoɓi na daɗa ƙagewa idan ba a motsa su.

Da yawa daga cikin masu wannan lalura hankalinsu garau yake. Harshe ne ke nauyi, hannu ne ke rawa, miyau ne ke zuba, sai jama'a su yanke hukuncin cewa ba su san abin da ake ciki ba. A wasu gidaje har yanzu ana kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, ana danganta lamarin da iskokai, ana ɓoye shi a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo. Wanda aka ɓoye ba ya zuwa makaranta, ba ya samun gashin ƙashi, kuma uwar da ke jinyarsa ita ma ta zama ɗaurarriya.

Boca ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin likita. Abin da yake bayarwa shi ne dalilin zama a miƙe na tsawon lokaci, da atisayen kamawa da saki, da daidaita ido da hannu, waɗanda dama su ne masu gashin ƙashi ke fama a yi a gida. Yaro ya fi jure maimaita motsi sau ɗari idan akwai maki da abokin hamayya. Bayan wannan akwai fita daga gida, da abokai, da ganin iyaye suna tafa masa a gaban jama'a. Kuma da yake a zaune ake buga shi, 'yan'uwansa masu lafiya da kakanninsa na iya jawo kujera su kara da shi, ya kuma cinye su.

Abin da Bwari ke da shi

Bwari ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. An kafa ta a 1996, tana da mazaɓu goma, daga cunkoson Kubwa da Dutsen Alhaji zuwa ƙauyukan Gbagyi irin su Igu, Shere da Kawu. A nan hedikwatar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya take, da ta hukumar JAMB, da Jami'ar Veritas, da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ga kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Kubwa. Kowace daga cikin waɗannan na da zauren taro, kuma duk zauren da zai ɗauki filin badminton zai ɗauki na boca. Da tef ɗin manna ƙasa ake ja layukan, a ɓare shi idan an tashi.

Mafi muhimmanci, a Kuchiko da ke Bwari ne Hukumar Gudanarwar Babban Birnin Tarayya ke da cibiyarta ta koyar da sana'o'i ga masu buƙata ta musamman, inda ake horar da su ayyukan hannu irin su ɗinki da haɗa takalma. Wuri ne da dama masu nakasa ke taruwa, kuma sana'o'in da ake koyarwa su ne ake buƙata wajen haɗa kayan atisaye. Ƙwallon boca fata ce da aka ɗinke aka cika da ƙananan ƙwayoyin roba. Ƙasar da ke da dukawan Kano da jar fatar Sakkwato ba za ta rasa mai ɗinka ta ba. Indararon koyo ma kafinta na iya haɗa shi da katako, ko a tsaga faffaɗan bututun roba gida biyu. Sai an kai matakin gasar da hukumar duniya ta amince da ita ne ake wajabta ƙwallayen kamfanonin da ta ba lasisi, waɗanda da kuɗin waje ake sayo su.

Ta fuskar lafiya, akwai babban asibitin Bwari da na Kubwa, ga Asibitin Ƙasa a tsakiyar Abuja da asibitin koyarwa na Gwagwalada, inda ake samun ƙwararrun gashin ƙashi. Idan kuma an kai ga gasa, filin wasa na Moshood Abiola na da zauren wasannin cikin gida.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce zirga-zirga. Ɗan wasan boca ba ya hawa acaɓa, kuma sanya shi da kekensa a Keke Napep aiki ne na mutum biyu. Yaron da ke Kawu ko Shere, inda hanya ke lalacewa da damina, ba zai riƙa zuwa atisaye a cikin gari ba sai an tanadi mota. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kai wasan inda yaran suke, tunda kayansa duka jaka ɗaya ce, a buga a ajin makarantar firamare ko a zauren unguwa.

Ta biyu ita ce keken. Keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda aka fi rabawa a Arewa, na masu shan inna ne. Mai sanƙarewar gaɓoɓi na buƙatar keke mai majingini da maɗauri da birki mai kyau, domin idan gangar jiki na karkacewa saiti ba zai yiwu ba.

Ta uku ita ce tantancewa. Ba a shiga gasa sai ƙwararru, likitoci da masu gashin ƙashi da masana wasan, sun duba ɗan wasa sun sanya shi a rukuninsa. Haka nan ana buƙatar alƙalai da masu horarwa da suka san doka. Waɗannan duka horo ne da hukumar duniya ke bayarwa ta hannun ƙungiyar ƙasa da ke da rajista da ita, kuma ta wannan hanya ce kaɗai ɗan wasa ke samun makin da zai kai shi manyan gasa.

Ta huɗu ita ce ƙofar shiga. Zaure mai kyau ba shi da amfani idan matakala goma ce a gabansa, ko ƙofar banɗakinsa ba ta ɗaukar keke. A nan doka ta riga ta yi magana. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020. Tun 2010 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda sashe na 30 nata ya sanya shiga wasanni cikin haƙƙoƙinsu.

Wa ke da alhaki

A matakin ƙasa, nauyin yana kan Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko, da Kwamitin Faralimfik na Najeriya. Su ne ke da ikon sanya wasa cikin jadawalin gasar ƙasa, kuma jihohi ba sa kashe kuɗi a kan wasan da ba a ƙirga lambarsa a teburin gasa. Lissafin ma na goyon bayan haka: zinare 11 ake rabawa a boca a Faralimfik, kuma ƙasashen Afirka da ke neman gurbin nahiyar ba su da yawa. Wasan na cikin jadawalin Los Angeles a 2028, bayanta kuma akwai Brisbane a 2032.

Amma matakin farko bai kai nan ba. Yana hannun ƙaramar hukuma da za ta ba da zaure, da shugaban makaranta da zai buɗe aji ranar Asabar, da sarakuna da limamai da fastoci da za su gaya wa iyaye cewa fito da irin wannan yaro ba abin kunya ba ne. Ranar 6 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar masu wannan lalura ta duniya, 3 ga Disamba kuma ta masu buƙata ta musamman baki ɗaya. A irin waɗannan ranaku an saba raba shinkafa da kekuna a ɗauki hoto a watse. Turmi huɗu na boca bai fi sa'a guda ba, kuma zai shiga cikin shirin ranar ba tare da an rage komai ba.

An daɗe ana cewa nakasa ba kasawa ba ce, kuma masu ɗaga ƙarfe na Najeriya sun tabbatar da haka a idon duniya. Waɗanda lalurarsu ta fi tasu tsanani, a Kubwa da Ushafa da Kuduru da sauran garuruwan ƙasar nan, har yanzu ba a ba su filin da za su gwada ba. Faɗin filin mita shida ne kacal.